Abujar da Ke Cikin Takardar Kakanka

 

Bara wani saurayi ya same ni da takarda a cikin leda, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Takardar gama elementare ce ta kakansa. Ta yi ja saboda tsufa, ta karye a wurin naɗi har an liƙe ta daga baya. A samanta an rubuta sunan En'e ta Abuja, a ƙasa ga sa hannun hedimasta da shekarar 1949. Ya ce mini mako biyu ke nan yana zaga ofisoshi a nan Garki yana tambayar inda wannan makaranta take, kowa ya ce bai san ta ba. Har ya fara zargin ko takardar ta jabu ce. Na ce masa: ƙanena, takardarka gaskiya take faɗa. A 1949 wurin nan da muke zaune gonakin doya da dawa ne na Gbagyi. Ka nemi motar Suleja, Abujar kakanka tana can.

A kan wannan nake so mu tattauna yau. Duk mai neman asalin gidansu a cikin takardun zamanin Turawa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne sunan gari ba ya zama wuri ɗaya. Yana ƙaura, yana sake kama a bakin baƙo, wani lokaci ma a cire shi daga wani gari a ɗora wa wani. Mu da ke zaune a wannan birni mun fi kowa sanin haka, don sunan da muke rubutawa a adireshinmu na aro ne.

Lokacin jihadi, mutanen Shehu sun ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yo kudu, ya zauna wajen Zuba, cikin ƙasar Koro da Gbagyi. A 1825 aka kashe shi a yaƙi kusa da Lapai. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, kuma a 1828 ya kafa garin da ya ɗauki sunansa. Sarakunan wannan gida sun ci gaba da amsa sunan Sarkin Zazzau, har yau kuma haka ake kiransu. Ke nan idan tsohuwa ta ce maka kakanka bafaden Sarkin Zazzau ne, kada ka yi saurin tafiya Zariya. Ka tambaye ta wane Sarkin Zazzau, na Zariya ko na Abuja? Bayan Abu Ja aka yi Abu Kwaka, aka yi Ibrahim Iyalai wanda a ƙarshen zamaninsa, a 1902, sojan Turawa suka shiga garin. Sai Muhammadu Gani, sai Musa Angulu daga 1917 zuwa 1944, sai Sulaimanu Barau daga 1944 zuwa 1979. Ku riƙe wannan jeri da kyau, don tsofaffi da zamanin sarki suke lissafi. Wanda ya ce an haife shi shekarar da aka naɗa Sulaimanu Barau ya riga ya ba ka 1944. Akwai littafin tarihin Abuja da Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a 1952. Duk wanda tushensa ya taɓa wannan ƙasa, da shi ya kamata ya fara.

Ranar 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Janar Murtala Muhammad ya sanar da kafa sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yanki ƙasa daga Neja da Filato da Kwara. Tsohon garin Abuja bai faɗo cikin yankin ba, amma sunansa ya faɗo. Garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu, sabon birni kuma ya ɗauki Abuja, har gwamnati ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991. Saboda haka duk takardar da ta girmi 1976 ta ce Abuja, tana nufin Suleja ko ƙasar da Sarkinta yake mulka. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira ashirin, wurin koyon ginin tukwanen da ta shiga a 1954, wanda Michael Cardew ya buɗe, kowane littafi cewa yake a Abuja yake. A Suleja yake.

To, bari mu ɗauki mutum guda da aka haifa a ƙauyen Garki a 1920, wanda bai taɓa kwana a wani gari ba. Ranar sunansa yana ƙasar Sarkin Abuja, cikin Lardin Nasarawa. A 1926 Turawa suka rushe wannan lardi, suka tura Abuja Lardin Neja, Kafi da Nasarawa da Lafiya kuma suka koma Lardin Binuwai. A 1967 da aka yi jihohi goma sha biyu sai ya tsinci kansa a Jihar Arewa maso Yamma, babban birninta Sakkwato. A 1976 ya zama ɗan yankin babban birnin tarayya. Yana nan a gindin bishiyar da aka binne cibiyarsa, amma takardun da suka shafe shi sun watsu a ƙarƙashin hukuma huɗu. Abokinsa na Karu ko Karshi, da suke cin kasuwa ɗaya, nasa takardun sun bi ta Kafi da Makurɗi da Jos. Na Abaji kuma nasa sun bi hanyar Lokoja da Ilori. Takarda tana bin wanda ke karɓar haraji a shekarar da aka rubuta ta. Don haka kafin ka tambayi ina fayil ɗin garinku yake, ka zauna da alƙalami ka jera: a shekara kaza wane dagaci, wane hakimi, wane sarki, wane Di'o, wane Razdan. Wannan jerin shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Sunan Garki ma kansa tarko ne. Akwai Garki a Jigawa, ƙaramar hukuma ce guda, kuma a zamanin Turawa tana ƙasar Kano. Akwai Garko a Kano, wadda harafi ɗaya ya raba su, malamin ofis mai gajiya kuwa ba ya rasa mayar da wannan wancan. Idan ka ga an rubuta wa kakanka Garki a takardar shiga soja ko ta aikin reluwe, sai ka duba wane lardi aka sa a gefe. Haka Tudun Wada, Sabon Gari, Unguwar Rimi, Nasarawa: wa ya san adadinsu a ƙasar Hausa? Ƙananan ƙauyuka kuma sun fi wuya, don da yawansu sunan mai gari suke amsawa. Gidan wane, Tungar wane, Rugar wane. In ya rasu ɗansa ya gaje shi, bayan shekara ashirin sunan ya bi ɗan.

A nan yankin namu akwai ƙari a kan wannan, kuma abu ne da ke taɓa zuciya. Ginin birni ya tashi garuruwa. Mutanen tsohuwar Wuse an kai su Sabon Wuse a Jihar Neja, kan hanyar Kaduna. An gina wa mutanen Garki matsuguni a Apo. Maitama da Asokoro da Jabi da muke ji yau a matsayin unguwannin manya, sunayen ƙauyuka ne da mutane suka yi noma a cikinsu, suka binne iyayensu. Sunan ya zauna a kan allon titi, masu sunan sun tafi. Kuma a takardun Turawa ba za ka ga Gbagyi ba sai jefi-jefi. Gwari suka rubuta, sunan da mu Hausawa muka ba su, har suka raba su Gwarin Genge da Gwarin Yamma. 'Yan'uwanmu Gbagyi da ke cikin wannan ɗaki, dole ku nemi kakanninku a ƙarƙashin sunan da ba su suka raɗa wa kansu ba, kuma ya kamata mu Hausawa mu san da hannunmu a cikin wannan.

Sai kunnen Bature. Abin da ya ji shi ya rubuta, sau da yawa kuma ta bakin tafinta ya ji shi. Sakkwato ta zama Sokoto, kafin nan ma Clapperton ya rubuta ta Sackatoo. Gwandu ta zama Gando, Tsafe ta zama Chafe, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Ɗambatta ta zama Dambarta, Kafi ta zama Keffi. Dunguru, inda Lugga ya kafa hedikwatarsa a 1902 kafin a koma Kaduna a 1917, ita ce Zungeru. A tsofaffin taswirori za ka ga Bauci da sunan Yakoba, wato garin Yakubu, Katsina kuma Kashna. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, amma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo, kuma keken rubutun ofis bai taɓa saninsu ba. Wannan yana da muhimmanci musamman ga ku matasa masu bincike a intanet. Kwamfuta ba ta san Chafe da Tsafe gari ɗaya ba ne. Ka rubuta sunan garinku ta kowace fuska da kunnen baƙo zai iya jin sa, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda danginsa suka haɗa da Nijar, aikinsa ninki biyu ne, don can kunnen Bafaranshe ne. Tasawa ita ce Tessaoua, Tawa ita ce Tahoua, Madawa Madaoua, Dogon Dutse kuma Dogondoutchi. Damagaram a takarda Zinder ce, kuma ita ce hedikwatar ƙasar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Tsohuwar Maraɗi tana cikin kwari. Ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka sake gina gari a kan tudu, don haka unguwar da kakarka take ambata wataƙila ba a inda sunan yake yau take ba. Takardun wancan ɓangare suna Yamai, wasu suna Dakar, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa.

Turawan Ingila ma sun ɗaga garuruwa. Sarkin Gwambe ya bar Gwambe Abba zuwa Nafaɗa a 1913, daga nan zuwa Doma a 1919, ita ce Gwamben yau. Sarkin Katagum ya koma Azare a 1916. Akwai kuma wani abu da ke rikita masu shiga fayilolin Kano da Zazzau. Kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke kai da komo. Wajen 1907 zuwa 1908 aka harhaɗa garuruwa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa. A shekarun farko sau da yawa da sarautar hakimin ake kiran gundumar: ƙasar Ciroma, ƙasar Makama, ƙasar Ɗan Iya. In aka ɗauke hakimi aka kawo mai wata sarauta, sunan fayil ya canza, ƙasar kuwa tana nan yadda take.

Yanzu ina takardun suke? Babban rumbunmu shi ne Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Farfesa Kenneth Dike ne ya yi faɗi-tashin kafa wannan hukuma, ta fara aiki a 1954, tana kuma da manyan rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna. A Kaduna za ka ga an kasa fayiloli bisa ofishin da suka fito. Na sakatariyar Lardunan Arewa suna ƙarƙashin SNP. Na larduna kuma kowanne da sunan hedikwatarsa: Kanoprof, Zarprof, Sokprof, na Lardin Neja kuma Minprof, saboda Minna. Mutumin Garki da muka yi misali da shi, abin da ya shafi ƙasarsa bayan 1926 a Minprof za a fara nema. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan ɗaki ya san yadda abin yake. A kawo maka fayil ɗaure da zare, ka kwance, allurar da aka maƙale takardun ta yi tsatsa ta bar tabo a kusurwa, takardar kwafi siririya kamar ɓawon albasa, a gefe Razdan ya yi sharhi da jan alƙalami, wani ya amsa masa da shuɗi. Ka juya shafi a hankali, da tafin hannu, don gefensa yana marmashewa.

Abin da ya fi amfani ga mai neman asali shi ne rahoton ƙiyasin haraji. Ƙaramin jami'i yakan hau doki ya zaga gunduma, ƙauye bayan ƙauye, ya ƙirga maza da mata da yara, shanu da awaki, masaƙa da maƙera da marina, ya rubuta sunan dagaci, ya kuma ɗauki labarin kafuwar gari daga bakin dattawan lokacin. Sau da yawa akwai taswirar hannu a ƙarshe. Dattijon da ya ba da labari a 1914 ya ga zamanin kafin Turawa da idonsa. Akwai kuma littafin gunduma da Di'o ke ajiyewa yana ƙara rubutu, da fayilolin naɗin dagatai da rigingimun sarauta, inda kowane mai nema ke jero kakanninsa. Ban da wannan, a Kaduna akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, da aka mayar cibiyar bincike a 1970. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. A Ingila, a ma'adanar Kew, wasiƙun Arewa na 1898 zuwa 1914 suna ƙarƙashin CO 446. Kada kuma ku raina tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939. Naɗe-naɗe, canjin wurin aiki na malaman En'e, wasiƙun sojoji, duk suna ciki da sunaye.

Amma in gaya muku gaskiya, kada kowa ya tafi da tsammanin zai tarar da sunan kakansa a shafin farko. Wanda ya rubuta waɗannan takardu haraji da jangali da zaman lafiyar mulkinsa ne a gabansa. Talakan da ya biya harajinsa bai yi faɗa da kowa ba, lamba ce kawai a cikin jimla. Ƙidayar 1921 da ta 1931 da ta 1952, abin da aka buga daga cikinsu alƙaluma ne. Mutum yana fitowa da sunansa ne in ya riƙe sarauta, ko ya ci albashin En'e, ko ya shiga makaranta, ko soja, ko ya tsaya gaban alƙali. Shi ya sa nake ganin kundin kotun alƙali ya fi duk wani rahoton Bature daraja a wannan aiki. Muhuti ya rubuta shi da Larabci ko ajami, kuma a shari'ar gado dole a lissafa magada duka: matan mamaci, 'ya'yansa maza da mata, wani lokaci har iyayensa. Nan ne kusan kaɗai mata ke fitowa da sunansu. Da gwamnatin jiha ta karɓi kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, waɗannan kundaye sun rarrabu, wasu a kotuna, wasu a fada, wasu a gidajen zuriyar alƙalai. Wanda bai iya karatun warash da ajami ba, ya nemi malamin zaure ya tafi da shi, ya kuma biya shi hakkinsa.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan dubban mutane sun fanshi kansu a gaban alƙali, an kuma rubuta sunayensu da ƙabilarsu da wanda ya fanshe su. An yi gidan 'yantattun bayi a Zungeru. Ƙasar nan da muke ciki ta sha hare-haren kamun bayi kafin 1900. Mai bincike zai iya tarar da kakarsa a wannan rajista, wani kuma ya tarar da kakansa a matsayin ubangiji. Wanda ya ga nasa, ya riƙe shi da mutunci, don wadda ta tara kuɗin murgu ta fanshi kanta jaruma ce. Wanda kuma ya ci karo da na gidan wasu, amana ce ta faɗo hannunsa, bai halatta ya kai ta dandali ko ya ɓata auren wani da ita ba.

Sunan mutum ma yana da nasa wahalar. Mu ba mu gaji sunan dangi irin na Turawa ba. Makaranta da barikin soja ne suka tilasta suna na biyu, mafi sauƙi kuma shi ne sunan gari. Sardauna da sunan Ahmadu Raba ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Shehu Shagari, Isa Kaita. A soja abin ya fi haka, don wanda ya fito daga ƙauyen da sajan bai taɓa ji ba sai a rubuta masa babban garin da ya fi kusa, ko inda aka ɗauke shi. Garba Kano na cikin rajista wataƙila bai taɓa kwana a birnin Kano ba. Waɗanda kakanninsu suka tafi yaƙin Bama da runduna ta 81 ko ta 82 ba su dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen mamata a intanet, amma da irin wannan suna za a neme su. Ga kuma alkunya. Kakarka ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗanta na fari ba. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. Usman shi ne Shehu, Abdullahi Audu, Muhammadu Mamman, wanda Bature zai rubuta Momadu ko Mohamman. A'ishatu ita ce Indo, Fatsima ita ce Binta. Mutum ɗaya yana iya zama Tanko a gida, Ibrahim a takardar makaranta, Malam Iro a kasuwa, Sarkin Fawa a fayil ɗin En'e. Ka tattara sunayen nan duka kafin ka bar gida.

Shekaru kuma da abin da ya faru ake kamo su. Shigar Turawa Kano da Sakkwato 1903 ne, yaƙin Satiru 1906, isowar jirgin ƙasa Kano 1911. Yunwar Kakalaba 1914, annobar mura 1918, zuwan Sarauniya Kaduna 1956, komawa tuƙin dama 1972, fitowar naira 1973. In kuma ka samu shekarar Hijira, ka cire uku daga kowace ɗari, ka ƙara 622. Shekarar 1320, in ka cire 40 ka ƙara 622, za ta ba ka 1902.

Ni kaina ba a Kaduna na samu bakin zaren gidanmu ba. A ɗakin kakata na same shi, Allah ya jiƙanta. Tana da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, a cikinta akwai gafakar Alƙur'anin mijinta. Wata rana da hantsi, tana tsinke zogale a faranti, na roƙe ta ta bar ni in buɗe. A bayan bangon, kan wata takarda da ta fi sauran kauri, kakana ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da tawadar zaure, kowanne da rana da wata da shekarar Hijira, har da biyu da suka rasu suna jarirai waɗanda mahaifina bai taɓa jin sunansu ba. A tsakanin shafuka kuma ga rasit ɗin haraji guda uku, ƙanana kamar tafin hannun yaro, da hatimin En'e. Sunan ƙauyen da ke jiki ban taɓa jin sa ba. Na karanta mata. Ta ajiye farantin, ta yi shiru, sannan ta ce ai nan ne suka fara zama bayan aure, rijiyar garin ta ƙafe aka watse, yanzu kufai ne. Ta faɗa mini sunan mai garin, da kasuwar da suke ci ran Laraba, da kukar da ake sauke amarya a gindinta. Da sunan kasuwar nan na gano gundumar, da gundumar na gano fayil, a cikin fayil ɗin kuma na tarar da ƙauyen a taswirar hannu, an rubuta shi da wasu haruffa da ba zan taɓa gane su ba da ba ta yi magana ba. Bayan wata bakwai ta rasu.

Don haka ina roƙon ku, ƙannena, kafin kuɗin motar Kaduna ku kashe na zuwa gida. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Ku zauna da tsofaffi, mata musamman, don su ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Kada ku tambaye su shekara. Ku tambaye su wa ke sarauta, wace kasuwa ake ci, ina ake kai haraji, wane kogi ake tsallakawa. Ku ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ku raba wa 'yan'uwa, ku mayar da ta asali inda gara da ɗigon damina ba za su kai gare ta ba, kuma kada ku liƙe ta da salatif. In abin da tsohuwa ta faɗa ya saɓa da abin da Di'o ya rubuta, ku rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Di'o kwana biyu ya yi a garin, ta bakin tafinta ya ji, mutanen kuma suna sane da cewa mai ƙirga su haraji zai aza musu.

Saurayin nan da na fara da labarinsa ya je Suleja. Bai samu rajistar makarantar ba. Amma an kai shi wurin wani dattijo a wata tsohuwar unguwa kusa da fada, ya karanta masa sunan da ke takardar, dattijon ya ce bai san shi ba. Har ya miƙe zai tafi, sai ya tuna laƙabin da kakarsa ke kiran mijinta da shi, ya faɗa. Dattijon ya ce ya koma ya zauna. Ya ce wannan ai ajinsu ɗaya da yayansa, kuma su ba 'yan cikin gari ba ne, mahaifinsa daga wajen Zuba yake kawo shi, akwai ma 'yar ƙanwarsa da ke aure a can har yanzu. Saurayin ya kira ni daga tasha muryarsa tana rawa. Ya ce ranar Asabar mai zuwa zai tafi Zuba tare da mahaifiyarsa.